Jirgin da Shekuwe Ya Zana

A Matondoni, in aka ce Fundi, wato gwanin sassaƙa jirgi, ba a haɗa da suna ba, Lali ake nufi. Ƙanensa Shekuwe kuwa mutane sun rasa inda za su ajiye shi, sai suka bi bakin yayan nasa suna kiransa Mai Fensir. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, a fili ɗaya suka yi rarrafe cikin ɓawon itace, can bakin ruwa inda mahaifinsu yake sassaƙa jahazi, jirgin ruwa na katako, amma hannun tsohon Lali kaɗai ya gada. Shi Shekuwe tun yana yaro in ya ɗaga gizago sai mahaifinsu ya kau da kai, don ya san katakon ya tafi ke nan. Gemu bai fito masa ba ya bar ƙauyen ya nufi Mombasa.

A can ya faɗa wani wurin gyaran jiragen shaƙatawa na masu hali, irin waɗanda ba su ɗaukar kaya ba su kamun kifi, iska kawai ake sha a cikinsu. Da shara ya fara. Wani tsoho ɗan Goa da ke yi musu zane ya lura da yadda yake tsayawa yana kallon takardu, ya jawo shi jiki, ya koya masa yadda ake kwantar da jirgi sukutum a kan takarda tun ba a sare bishiyarsa ba: faɗinsa, zurfinsa, inda zai zauna a ruwa, da inda iska za ta tura shi. Ashe abin da Allah ya hana wa hannunsa a gizago ya ba shi a fensir. Ya daɗe a wurin har furfura ta fara tsiro masa. Da aka rufe wurin, ya tattara matarsa Somoe da wani akwatin ƙarfe cike da takardu suka dawo gida.

A cikin akwatin nan akwai jirgi ɗaya da ba na kowa ba ne sai nasa. Shekaru ya yi yana zana shi yana gogewa. Fuskarsa ta jahazi ce, irin wadda kakanninsa suka sani, da tanga guda, wato ƙyalle mai faɗi da iska za ta cika ta tura jirgin, amma cikinsa siriri ne, ƙashin bayansa ya nutse can ƙasa, kuma za a ɗaura masa dalma don kada ya kife ko da iska ta yi fushi. Jahazi in zai juya sai an tara ƙarti suna ihu suna jan igiya. Wannan mutum biyu sun ishe shi. Ya yi masa ɗaki a ciki, da wurin kwanciya, da ɗan murhu.

Lali ya ga zanen sau ɗaya, a tsaye, bai ma zauna ba. Ya ce jirgi ne mai kyau, sai dai a yi hattara kada ruwa ya taɓa shi, don takarda ba ta son jiƙa. Masu shan kahawa a gindin mangwaro suka yi ta maimaita wannan magana har ta tsufa. Somoe ma ba ta raga masa. Tabarma take saƙawa kamar sauran matan ƙauyen, da ita ake cin abinci a gidan, kuma duk lokacin da ta ga ya baje takardunsa a kan gado sai ta tambaye shi ko yau a cikin jirgin za su kwana, ta ɗauko matashinta. Yakan yi dariya. Ya ɗan riƙa samun aikin zana gidaje a Lamu, yana yi ba da son ransa ba.

Wata shekara ruwan kusi, daminar yankin, ya yi yawa, danshi ya shiga akwatin, takardun suka fara fumfuna. Somoe ta fito da su tsakar gida ta shanya, ta danne gefunansu da duwatsu da ludayi. Ranar ce Bi Zuhura ta zo. Mace ce mai gidan baƙi a Shela, takan zo da kanta ta zaɓi tabarmi don ba ta yarda da idon 'yan aike ba. Ta shigo da sallama, ta tsallake takarda ɗaya, ta tsallake ta biyu, a ta uku ta tsaya. Ita ce wadda aka zana jirgin daga gefe, tanga a buɗe. Ta manta da tabarmin. Ta sa aka kira mata mai zanen, ta yi masa tambayoyi irin na wadda ta tashi a gidan masu jirgi, ta ce baƙinta sun gaji da ƙarar inji, kuma ita kanta tana so kafin ta mutu ta mallaki abu ɗaya da aka yi shi don kyau kawai. Ta ce a gina mata shi.

Bayan ta tafi Somoe ta tattara takardun da kanta, ta kaɗe musu ƙura da gefen mayafinta, ba ta yi tsokana ko ɗaya ba.

Saura Lali. Shekuwe ya san ba da baki zai shawo kansa ba. Ya ari wani tsohon ɗakin ajiyar kwakwa mai daɓen siminti, ya share shi, ya yi kwanaki a durƙushe da alli da zare da siririyar sanda mai lanƙwasuwa, yana fitar da haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya a ainihin girmansu. Gwiwoyinsa suka kumbura. Da ya gama bai kira kowa ba, ya dai bar ƙofar a buɗe.

Da hantsi ya dawo ya tarar da takalman Lali a bakin ƙofa. Yayan nasa yana ciki a tsugune, yana bin layin alli da tafin hannu kamar mai shafa bayan doki. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan lanƙwasar ta wajen gindi, wa ya nuna maka ita?"

"Ba kowa, Yaya."

"Ba Turawan Mombasa ba?"

"Nasu ba haka yake ba. Na ɗauko daga jahazin Baba, na matse shi."

Lali ya miƙe yana dafa ƙugu. Ya ce shi tun da ya fara aiki jirgi ɗaya yake ta sassaƙawa, wanda mahaifinsu ya bar musu, wani lokaci babba wani lokaci ƙarami, kuma bai taɓa tunanin akwai wani a bayansa ba. Sa'an nan, don kada abin ya yi yawa, ya ƙara da cewa in jirgin ya nutse zai gaya wa duniya ba shi ya zana ba.

Itace ne ya fara ba su wahala. Dajin da ke tsallake, inda ake samo itacen mbambakofi na jirgi tun zamanin kakanni, sojoji sun rufe shi saboda masu bindiga da suka ɓuya a ciki, ba mai shiga. Lali ya kai ƙanensa wani lungu cikin mikoko, bishiyoyin da ke tsirowa a taɓon bakin teku, lokacin da ruwa ya janye, ya nuna masa wani gungume da ya binne a taɓo tun 'ya'yansa suna ƙanana, yana ajiye da shi don jirgin da zai yi na ƙarshe. Aka tara mutane aka jawo shi. Da aka wanke shi aka sa masa gizago, cikinsa ja wur kamar jiya aka sare shi. Shi ya zama ƙashin baya. Aka yanka akuya, liman ya yi addu'a, aka ci shinkafa. Haƙarƙari kuwa sai da suka bi gonaki suna roƙon karkatattun rassan mangwaro da darbejiya, Shekuwe yana riƙe da samfurin da ya yanka a kwali, Lali yana ɗaga kai yana duban bishiya yana cewa wancan reshen ne, kuma in aka sauke shi sai a ga shi ne.

Watannin nan su ne mafi daɗi a rayuwar Shekuwe, ko da yake a lokacin bai sani ba, don kullum cikin faɗa suke. Lali yakan saci ɗan yatsa guda a awo, ya ce itacen ne ya nemi haka. Shekuwe ya zo da ma'auni ya kama shi, a yi ta musu har ma'aikatan Lali biyu su ajiye zarto su zauna kallo. Wani lokaci Lali ne da gaskiya, wani lokaci takarda. In azahar ta yi Somoe ta kawo shinkafa da kwakwa da soyayyen kifi, su ci a kwano ɗaya a inuwar jirgin, abin da rabonsu da yi tun suna yara. Lali ya daina cewa Mai Fensir sai in akwai mutane. In su biyu ne, Sheku yake ce masa, yadda mahaifiyarsu take kiransa.

Haƙarƙari suka tsaya duka. Masu wucewa a kwalekwale suna rage gudu su kalla. Aka fara rufa katako daga ƙasa, ana gasa kowanne a wuta ana shafa masa mai har ya yi laushi ya bi jikin jirgin. An kai wajen rabi.

Wata safiya, bayan sun sha kahawa, Lali ya ɗauki gizago ya sara sau biyu, a na uku gizagon ya suɓuce ya faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya juyo ya dubi ƙanensa da mamaki a fuskarsa, bakinsa ya karkace, sai ya zauna a ƙasa a hankali kamar wanda ya gaji. Ɗansa Kombo, wanda yake jigilar fasinja tsakanin Matondoni da Lamu a jirgin roba mai inji, shi ya kai shi asibiti. Da aka sallamo shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Kalma biyu suka rage masa, "Allah" da "a'a", da su yake neman ruwa, da su yake gaisuwa.

Shekuwe ya ce wa kansa jinya ce, za ta wuce. Ya rufe jirgin da ganyen kwakwa ya jira. Ma'aikatan biyu suka jira tare da shi na ɗan lokaci, sa'an nan ɗaya ya sami aiki a sabuwar tashar jiragen ruwa da ake ginawa, ɗayan ya bi shi. Ba su yi sallama ba, kunya ta hana su.

Ya shiga neman wani fundi. Ya je Kizingitini wurin wani tsoho da ya yi zamani da mahaifinsu, ya tarar idonsa ya tafi, 'ya'yansa kuma duk masu gyaran inji ne. Ya je wajen wani a Lamu, mutumin ya saurare shi da ladabi, ya ce shi ba ya ƙarasa jirgin da wani ya fara, balle na Fundi Lali, balle kuma wanda aka ce sai an duba takarda kafin a sara. Wani ya yarda, ya zo ya zagaya jirgin, ya ce zai dawo bayan salla. Bai faɗi wace salla ba.

Ana cikin haka Bi Zuhura ta aiko a kira shi. Ya tarar da gidan baƙin shiru, kujeru a kife a kan tebura. Tun da aka tare motoci a hanyar tsallake aka kashe mutane, baƙi suka ɗauke ƙafa, ta yi ta jira su dawo ba su dawo ba. Ta ce ta sayar da gidan, za ta koma wurin 'yarta a Maskat. Ya fara yi mata bayanin inda aiki ya tsaya da yadda zai yi ya mayar mata da abin da ta kashe, ta ɗaga hannu.

"Malam Shekuwe, ban kira ka don wannan ba. Jirgin naka ne, dama can naka ne. In Allah ya ba ka iko ka ƙarasa shi, ka sa a ɗauko mini hotonsa."

Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya fito ya bi bakin teku da ƙafa har Lamu, bai san ya yi tafiyar ba.

Daga nan ne ya ɗauki gizagon Lali. Ya ce ai ya san jirgin nan fiye da kowa a duniya, ba gaɓar da bai san awonta ba, abin da ya rage kawai hannu ya bi abin da kai ya sani. Lali kuma ya ƙi zaman gida. Kullum da safe sai ya yi ta buga sanda a ƙasa har Kombo ya goya shi ya kai shi fili, ya jingina shi da tulin katako, kafin ya tafi jigilarsa.

Katako na farko Shekuwe ya yi kwanaki yana fama da shi, da ya ɗora sai ga rata tsakaninsa da na ƙasa, har yatsa yana shiga. Ya sauke, ya rage, ya rage, har ya rage fiye da kima. Na biyu ya bar shi a wuta ya wuce lokaci, ya ƙone. Na uku ya cire shi da wuri, yana cikin lanƙwasa shi ya ji ƙara kamar an harba bindiga, ya tsage tun daga kai har gindi. Kuma katakon ba mai yawa ba ne, ba kuma inda za a samo wani. Duk wannan a gaban Lali ake yi. Yana ganin kuskuren tun kafin a yi shi, ya ɗaga hannun hagu yana nuni, yana cewa a'a, a'a, a'a. Shekuwe ya matsa gizagon sama, a'a. Ya matsa ƙasa, a'a. Ya juya katakon, a'a. Ba ya iya gane ko a'a ɗin na hani ne ko kuwa shi ne "haka ne" ɗin da ya rage wa mutumin.

Ranar da na huɗu ya lalace, rana ta take, gumi yana shiga masa ido, tafin hannunsa duk ya fashe, Lali yana ta a'a ɗinsa. Shekuwe ya yi jifa da gizagon.

"To me zan yi? Faɗa mini mana! In ka iya, tashi ka yi. In ba ka iya ba ka rufe mini baki."

Lali ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa, ya sa na hagu ya ɗago shi, ya sake shi ya faɗi. Hawaye suka gangaro ta gefen fuskar da ba ta motsi. Shekuwe ya durƙusa a gabansa yana cewa Yaya ka yafe mini, Yaya ka yafe mini. Lali ya ce, "Allah." Washegari bai buga sanda ba, bai kuma ƙara neman a kai shi fili ba.

Somoe ta ji labarin a bakin mata kafin mijinta ya iso gida. Ba ta yi masa maganar ba. Ta dafa ruwa da gishiri ta jiƙa masa hannuwa, tana cire masa sartse da allura. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, gara ya bar sauran katakon haka nan, ko Allah zai kawo wanda ya iya, don in ya ci gaba ba abin da mai zuwan zai tarar. Ya san gaskiya ta faɗa. Ya so ya ji haushinta, bai sami ƙarfin yi ba.

Kombo ne ya zo da wata shawara. Yana da aboki a wani kamfani a Mombasa da ke zuba jiragen roba, ya ce a ba shi zanen ya kai musu, wataƙila su saya, ko su ɗauki baffan nasa aiki. Da farko Shekuwe ya ƙi. Ya ce jirgin nan don itace ya zana shi, nauyinsa da zamansa a ruwa duk na itace ne, in aka zuba shi da roba ya zama bokiti. Kombo ya ce bokitin ne dai yake ciyar da gida biyu yanzu. Bayan wasu makonni Shekuwe ya naɗe takardun a cikin leda, ya ɗaure da zare, ya kai masa da kansa. Ya riƙa fargabar za su sace masa zanen, su yanke masa sandar tanga, su liƙa masa inji, wata rana ya gan shi yana wucewa da sunan wani a jikinsa. Har ya shirya abin da zai ce in haka ta faru.

Kombo ya dawo da ledar a hammata. Ya zauna a bakin ƙofa yana ta zancen tsadar mota da zafin Mombasa, sai da Shekuwe ya tambaye shi kai tsaye.

"Sun gani, Baffa. Sun ce ka iya zane."

"Sai me?"

"Sai suka ce suna da irinsa a kwamfuta, da yawa, mutum ya zaɓa kawai. Kuma ba mai tambayar jirgin tanga yanzu." Ya sosa ƙeya. "Manajan ya ce in kana so zai karɓi wancan mai hoton gefe, ya sa a gilashi ya rataye a ofis."

Shekuwe ya kwance zaren. Takardu biyu na sama kaɗai aka buɗe, a kan ɗaya akwai zoben da gindin kofin shayi ya bari. Sauran suna naɗe yadda ya naɗe su. Ya yi wa Kombo godiya, ya tambaye shi jikin mahaifinsa.

Kusi ta sake zagayowa da ruwanta. Ganyen kwakwar da ya rufa ya ruɓe, bai sake wani ba. Ruwa ya taru a cikin jirgin, da rana ta fito katakon ya buɗe, ƙusoshi suka yi tsatsa suna zubar da jan hawaye a jikinsa. Gara ta hau ta kan turakun da suka tallafe shi. Awaki suka mai da ƙarƙashinsa wurin kwana. Shekuwe yakan je da safe ya kwashe ruwan da gwangwani, daga baya ya koma zuwa ya tsaya kawai, daga baya kuma ya sake hanyar zuwa masallaci don kada ya bi ta wurin. Masu kahawa suka daina tsokanarsa. In ya zo sai su matsa masa wuri su sauya zance, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo.

Kullum bayan la'asar yakan je ya zauna wurin Lali. Wani lokaci ya yanke masa farce, wani lokaci ya kore masa ƙuda. Sau ɗaya ya fara ba shi labarin cewa ya ji an kusa buɗe dajin tsallake, za a sami itace, sai Lali ya juyar da fuskarsa bango. Bai ƙara ba.

Lali ya rasu wata Alhamis da hantsi, matarsa tana ba shi kunu. Aka yi masa wanka, aka haƙa kabari, sai aka zo neman katakon da za a rufe shi da shi kafin a zuba ƙasa. Wani ya kawo na wani tsohon ƙyaure, duk gara ta cinye shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin itace, a rasa na kirki a gidansa. Shekuwe ya ɗauki guduma da ƙarfen ɓamɓare ƙusa ya nufi fili. Ya wuce tulin da bai taɓa ba, ya wuce waɗanda ya ɓata, ya tsaya a jikin jirgin wurin katako na ƙarshe da Lali ya ɗora da hannunsa. Katakon ya zauna daram, ko bakin wuƙa ba zai shiga tsakaninsa da na ƙasa ba, duk da ruwa da ranar da suka dake shi. Sai da ya sha wuya kafin ya rabo shi. Ya yanke shi daidai tsawon yayansa, ya ɗauko a kafaɗa. Da mutane suka ga abin da ya ɗauko suka buɗa masa hanya.

Bayan an yi bakwai, wani maƙwabci ya zo yana ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya ce ƙofarsa ta karye, ko akwai ɗan guntun da ba a bukata. Shekuwe ya ce ya je ya ɗiba. Wani ya zo don gadon 'yarsa da za ta tare, wani don gyaran kwalekwalensa, liman ya aiko don bencin makaranta. Ba wanda ya hana. Da tulin ya ƙare suka koma jikin jirgin, da katakon jiki ya ƙare mata suka fara zare haƙarƙarin mangwaro suna kai wa murhu. Somoe ta fita ta yi musu tas ranar farko, har muryarta ta dushe. Da ta dawo ya ce mata ta bar su, itace ne. Ta tsaya tana kallonsa, sa'an nan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ya ji tana kuka, ita da ko a jana'izar ba ta yi ba.

Aikin zanen gidaje ma ya tsaya, don yanzu yara masu kwamfuta ke yi. Kombo ya ce yana neman wanda zai riƙa kama masa igiya yana taimaka wa tsofaffi hawa da sauka, kuma ya fi son na gida. Ya faɗa da kunya, yana kallon ƙasa. Shekuwe ya ce to.

Yanzu da sassafe yakan ɗaura zanensa na kikoi ya sauka bakin ruwa, ya share jirgin robar, ya jera kwandunan mata da buhunan gawayi yadda nauyi zai daidaita. In sun cika ya kwance igiya ya tura, ya hau ya zauna a gaba. Kombo ya ja inji. Daga nan har Lamu ƙarar ba ta barin kowa ya ji maganar wani, fasinjoji sukan yi ta ƙorafi a kai. Shi bai taɓa yi ba.